Sammako Gidan Wofa Oduro

Duk wanda ya san Maame Konadu a 'yan shekarun nan, da waya a kunne ya san ta. Wayoyi uku gare ta: ɗaya ta masu sayen burodi, ɗaya ta masu kawo fulawa da suga, ɗaya kuma wai ta iyali, amma ita ma tuni direbobinta suka gano lambar. Ko a coci kusa da ƙofa take zama, don ta san fasto ba zai kai ƙarshen wa'azi ba sai jakarta ta yi ruri. Gidan burodin da ta gada wurin mahaifiyarta a Bantama tanderu ɗaya ne da shi a lokacin. Yau huɗu ne, ga motoci masu kai burodi har Ejisu da Mampong, ga ma'aikata sun haura talatin. Mace ce mai zuciya, ba ta san kasala ba. Sai dai ita kanta ba za ta iya tuna ranar ƙarshe da ta fara wani abu don ta ga dama ba. Kullum sai abu ya ɓaci ake kiran ta, ita kuma ta zo a guje ta gyara.

Fulawa ta ƙare? Konadu. Mota ta mutu a hanyar Mampong? Konadu. Otal ya ce burodin jiya ya yi tauri, janareta ya fara tari, masu talla biyu sun kaure da faɗa a kan tire ɗaya, duk Konadu. Da yamma ta koma gida a gajiye liƙis, ta ci fufu da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya, ta kwanta tana jin ta yi aiki. Ta yi kuwa, amma aikin 'yan kwana-kwana.

Wata ƙawarta mai kantin magani a Adum ce ta haɗa ta da Esi Bentsiwa. Esi 'yar Fante ce daga bakin teku, ta yi shekaru tana sakatariyar manajan wani banki, da ta gaji da takalmi mai tsini ta ajiye aikin. Yanzu raba makonta take tsakanin masu sana'a uku: mai kantin maganin, da wani mai sayar da taya a Suame, sai Konadu da ta samu safiyar Talata da Laraba da Juma'a. Azahar na yi Esi ke ɗaukar jakarta ta tafi, ko sama da ƙasa za su haɗu.

"Safiya uku?" in ji Konadu ranar da suka fara zama. "'Yar'uwa, ni matsalolina ba su san Talata ba, ba su san Juma'a ba. Kullum suke zuwa, har Lahadi."

"Don kullum suna samun ki a gida ne," in ji Esi. Ta shimfiɗa tafin hannunta a kan tebur. "Miƙo."

"In miƙo me?"

"'Yan ukun nan da kike goyo."

"Kai, ku Fante ba ku da ta ido! Yau kika zo, har za ki raba ni da 'ya'yana?"

"Raino zan yi miki, Maame, ba sata ba. Da azahar zan maido miki su, sun ci sun ƙoshi."

Konadu ta miƙa biyu, ta soke ta ukun a ƙugun zaninta. Ba a jima ba zanin ya yi ruri. Esi ta sake shimfiɗa hannu.

Makonnin farko Konadu ta sha wuya. Hannunta ya riƙa tafiya kunne da kansa, ya tarar ba komai, ya dawo da kunya. Ta riƙa leƙa ofis kamar mai jegon da aka ɗauke wa jariri zuwa wanka. Amma a leƙen nan ne ta lura da yadda Esi ke aiki. Duk kiran da ya shigo, bayan ta warware shi sai ta bi sawunsa ta ga me ya sa ya zo tun farko. Mai fulawa, ta daidaita da shi ya riƙa kawowa tun sito bai yi ƙasa ba. Direbobi, ta haɗa su da bakanike ɗaya, suka daina kiran Maame don taya ta yi faci. Abin da ya fi ƙarfinta kaɗai take ajiye wa Konadu, ta faɗa mata a taƙaice kafin ta tafi. Abin mamaki, har ranakun da Esi ba ta nan wayoyin suka rage kuka.

Sai Konadu ta wayi gari da wani abu da ta manta ɗanɗanonsa, wato lokaci. Ba ta zauna ta yi ta kallon sa ba. Ta sa aka duba janareta tun damina ba ta kankama ba. Ta ɗaura zaninta mai kyau ta tafi wata makarantar kwana da ta daɗe tana hange, ba wanda ya kira ta, ta zauna da shugabar ta ce ga burodina, ku ɗanɗana. Ta dawo da cinikin zango guda. Tafiyarta ma ta canja, ta daina wannan sassarfar ta wanda aka biyo.

"Ashe haka manya ke ji," ta ce wa Esi tana firfita da mafici. "Da na sani tun bara na ɗauko ki."

"Bara ai da kin kore ni. Wuya ba ta gama dafa ki ba."

A wannan sararin ne idonta ya faɗa kan Wofa Oduro.

Wofa, wato kawu, ba ɗan'uwanta ba ne na jini, amma babu wanda ya isa ya faɗi haka a gabanta. Tun yana saurayi ya zo wurin mahaifiyarta, lokacin da tanderun na ƙasa ne, ana hura shi da itace. Shi ya riƙa saɓa Konadu a wuya ya kai ta makaranta in an yi ruwa. Ranar da aka binne tsohuwar, shi ya hura wuta washegari, ya ce mamaciya ba za ta so unguwa ta kwana ba burodi ba. Shi ne babban mai gashi, kuma duk Kumasi shi kaɗai ke kiran Konadu da sunan ranarta, Yaa. Mutum ne mai mita. Fulawa ba ta taɓa yi masa daidai ba, yis ɗin zamani ƙarya ne, matasan yanzu ba su san wuta ba. Mitarsa da tsohuwar rediyonsa su ne kiɗan gidan.

To, rediyon ce ta fara ɓacewa daga kan taga. Sannan Konadu ta lura an yi kwanaki ba ta ji ya zagi fulawa ba. Ta ga ya sa Ataa, matar da ta fi kowa daɗewa a ƙarƙashinsa, a gaban injin murza kwaɓi, shi kuma ya tsaya bayanta hannuwansa a aljihun riga, yana koya mata da gaggawa irin ta mai shirin tafiya. Da ta gaishe shi wata safiya, sai ya ɗan rusuna ya ce, "Lafiya lau, Madam."

Madam! Kalmar ta soke ta har ƙahon zuci. Nan take ta tuna sau nawa a watannin baya ya tare ta a bakin ƙofa ya ce, "Yaa, ina da magana," waya ta yi ruri, ta ɗaga masa hannu ta ce tana zuwa. Ba ta taɓa zuwa ba, shi kuma ya daina tarewa.

Ranar Talata Esi ta ƙara mata da abin da ta ji daga bakin direbobi. Wani attajiri ya buɗe sabon gidan burodi a Tafo, kuma an ga motarsa a ƙofar gidan Wofa a Kwadaso, ba sau ɗaya ba.

Konadu ta zauna tana auna lamarin. Mai gashi ana iya samun wani, kuɗi ne. Amma in Wofa Oduro ya fita daga gidan nan da ɓacin rai ya je ya hura wutar wani, to ta zubar da abin da mahaifiyarta ta bar mata wanda ya fi tanderu, kuma duk Bantama za ta san ita ta zubar. Ta ƙudura ba za ta jira sai ya zo sallama ba, za ta riga shi. Har nan dai ta yi daidai.

"Ki kira shi," ta ce wa Esi. "Ki ba shi lokaci gobe, mu zauna a tsanake. Ki share mini safiyar gaba ɗaya."

Esi kuwa ta yi abin da ta ƙware a kai. Ta ɗaga waya, ta saka muryar nan tata mai santsi ta banki, ta ce Madam na son ganin sa gobe da hantsi a ofis, in ba zai damu ba. Ofishin da ko tari aka yi a bakin tanderu ana ji a cikinsa! Matan nan biyu, masu wayo da sanin duniya, babu wadda ta tsaya ta yi tunanin yadda abin zai sauka a kunnen dattijon da ya goyi mai kiran.

Ta taga suka jiyo amsar. Wofa ya sauke wayar daga kunne, ya juya ga ma'aikata, ya ɗaga murya yadda har masu talla a waje za su ji.

"Jama'a, ku taya ni murna! Ashe 'yar da na goya ta zama sarauniya. Har ta yi kakaki, ba ta magana da talaka baki da baki. Saura a sassaƙa wa kakakin sandar zinariya." Ya mai da wayar kunne. "Ki gaya wa sarauniya talaka ya ji."

Wasu suka ƙunshe dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Washegari Wofa ya gama aikinsa, ya wanke hannu, ya wuce ta gaban ofis ko waiwaye bai yi ba.

Da farko fushi ne ya kama Konadu. Ita da ta share safiya guda dominsa! Ta yi ta zagaye ofis tana huci, Esi na kallon ta. Fushin bai je ko'ina ba ya sace, kunya ta maye gurbinsa, ta zauna jagwab.

"Laifina ne," in ji Esi. "Na yi masa muryar da nake yi wa masu neman rance."

"Ba muryarki ba ce. Ko da waƙa kika rera masa, aike aike ne. Mutumin da ya share mini majina, na aika a kira mini shi ofis kamar wanda ya saci buhun suga." Ta dafe kai. "Esi, kin sauke mini kaya har na ɗauka komai ma saukewa ake."

"To yanzu fa?"

"Yanzu zuwa da kai ya fi aike. Sammako zan yi masa."

Mu a nan magana mai nauyi ba a kai ta da rana tsaka, ba a kuma tare mutum da ita a wurin aiki. In kana neman gafarar babba, ko kana roƙon abin da ba a roƙa sau biyu, gidansa za ka buga tun gari bai gama wayewa ba, kafin ya sa komai a baki, kafin duniya ta shiga kunnensa. Wanda ya buɗe ƙofa ya gan ka a wannan lokacin ya san ka ajiye barcinka da girmanka dominsa, kuma ba ya korar ka sai ya ji ta bakinka.

Matsalar ita ce ba a samun Wofa a gida da asuba sai ranar hutunsa, Litinin. Asubar Litinin kuwa ita ce mafi zafi a gidan burodi: makarantu, otal-otal, masu shayi, kowa na jira. Tun rasuwar mahaifiyarta Konadu ba ta taɓa barin asubar Litinin ta same ta a wani wuri ba.

"Sai ki zo ki riƙe mini gidan," ta ce.

"Litinin ta mai taya ce."

"Haba 'yar'uwa, sau ɗaya tak! Zan kira shi da kaina in roƙe shi."

"Maame, safiya uku kika saya, ba Esi kika saya ba. Kuma ko da zan iya, ba zan zo ba. In gidan nan ba zai iya wayar gari sau ɗaya babu ni babu ke ba, to zaman banza na yi a kujerar nan. Muna da Juma'a. Mu shirya Litinin tun ranar."

Konadu ta harare ta, ta kuma san gaskiya ta faɗa. Ranar Juma'a suka kira Ataa suka damƙa mata wuta da kwaɓi. Suka kira babban direba suka ce motoci da masu saye nasa ne, in otal ya yi ƙorafi ya ba da haƙuri da bakinsa, ai yana da shi. Aka ba shi waya ɗaya, aka ba Ataa ɗaya. Ta ukun Esi ta jefa a aljihun tebur ta murɗa makulli, ta miƙa wa Konadu.

"Ki bar makullin a gida ranar. Na san ki."

Sauran aikin na Konadu ne, kuma ba ta yi wasa da shi ba. Ta ce ba za ta je wa dattijo da ban haƙuri tsura ba, sai ta san abin da ke cin sa. Ranar Asabar ta sami lungu kusa da buhunan fulawa ta zauna kamar mai duba sito, tana kallon sa ta wutsiyar ido. Da aka kawo koko, ta ga ya karɓi kofin da hannun hagu, shi da ke zagin duk wanda ya miƙa masa abu da hagu. Da ya zaci ba mai kallo, ya zaro na daman daga aljihu zai gyara hula. Hannun na rawa kamar ganye. Ya yi maza ya mai da shi.

Konadu ta dubi injin murza kwaɓi, mai ƙarafan nan biyu da ke juyawa, wanda ya taɓa cinye yatsun mutane masu lafiyayyen hannu ma. Ta fita ta bayan gida ta yi kukanta ta share. Daga nan ta shiga mota ta nufi Ahwiaa, wurin masassaƙa.

Litinin, tun masu koko ba su gama hura wuta ba, ta kama hanyar Kwadaso. A mararrabar da za ta kai ta Bantama ƙafarta ta sassauta da kanta. Ta ga tanderu ya ƙi kamawa, ta ga mota ta juye a kwata, ta ga shugabar makaranta na kira ba a ɗauka. Hannunta ya lalubi jaka, babu komai sai hankici. Ta yi tsaki, ta yi wa kanta dariya, ta taka mai ta wuce.

Anti Fosuwa, matar Wofa, ita ta buɗe ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta dubi Konadu, ta dubi sararin sama da bai gama fari ba, ta dubi wani babban ƙunshi da ta ɗauko a ka. Ta ajiye tsintsiyar ta shiga ciki. Aka fito da kujeru tsakar gida. Wofa ya fito yafe da zane a kafaɗa, fuska a murtuke, ya zauna. Aka kawo ruwa, Konadu ta kurɓa, don ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa, ko da ɗan cikinka ne.

"Mu nan lafiya lau muke," in ji Wofa, yadda aka saba faɗa. "Ke ce kika yi tafiya." Sai ya leƙa bayanta. "Ina kakakin? Ko tana mota tana goge sanda?"

"Tana wurin mai taya, Wofa. Yau da bakina na zo."

"Wayoyin fa? Kar mu fara magana a kira ki."

Ta buɗe jakar ta juye ta a gabansa. Hankici ya faɗo, da makullin mota.

Ya daɗe yana kallon su. "Yau Litinin," ya ce a hankali. "Wa ke kan wuta?"

"Ataa. Ai kai ka koya mata."

Konadu ta zame daga kujera ta durƙusa, ta ɗora bayan hannun dama a tafin hagu. "Wofa, na yi laifi biyu. Ka ce kana da magana, na bar ka tsaye a bakin ƙofa har ka gaji. Da na tashi gyarawa kuma na aiko maka. Ba ni da hujja. Na zo in ji maganar nan, ko za ta kai mu dare ba inda za ni."

Ta yi shiru. Wannan shirun shi ne abu mafi wuya da ta yi a shekarar, don ta san amsar, bakinta kuma na ƙaiƙayi. Amma maganarsa ce, shi ya kamata ya faɗe ta. Zakara ya yi cara a maƙwabta. Anti Fosuwa ta jingina da ƙofar kicin ta harɗe hannu.

Can Wofa ya zaro hannun dama daga cikin zane ya ɗora a gwiwa. Ya bar shi yana rawa a fili, kowa na gani.

"Ga maganar," ya ce. "Tun bara ya fara. Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Ina tsoron injin nan yanzu, ni Oduro. Burodin da kike yabo watannin nan ba hannuna ba ne, na Ataa ne. Na so in gaya miki tun abin na ƙarami, mu san yadda za mu yi. Da na ga ba ki da kunne, sai na ce gara in tafi da ƙafata kafin ranar da zan saki tire a gaban yara, a fara tausaya mini." Ya gyara zama. "Mutumin Tafo ba aiki yake so in yi masa ba. So yake in zauna a bakin ƙofa mutane su ce Oduro na nan. Sunana zai saya. Na san haka, amma aƙalla shi ya zo har gida ya zauna. Na ce masa ya kira ni yau da safe ya ji amsa."

Hawaye ya zubo wa Konadu, ba ta ɓoye ba. Ta jawo ƙunshin ta kwance. Kujera ce ta gargajiya, sabuwa fil, farin itace mai lanƙwasasshen mazauni, irin wadda ba a ba mutum sai da dalili.

"Ka ce na zama sarauniya a gaban ma'aikatana," ta ce tana share fuska. "To na karɓa. Amma ka san aikin sarauniya a ƙasar nan, ita ke nuna wanda zai hau kujera. Na nuna ka. Daga yau ba ka taɓa inji, ba ka ɗaga tire, ba ka kwana a bakin wuta. Ka zo da safe ka zauna. Burodi ba ya fita gidan nan sai ka gutsura ka ce ya yi. Duk wanda zai taɓa kwaɓi sai ya bi ta hannunka, ka koya masa, ka zage shi yadda ka saba. Ina shirin buɗe tanderu a Ejisu baɗi, kuma ba ni da masu gashin da zan kai can sai waɗanda za ka ƙera mini. Shi na Tafo sunanka yake so. Ni harshenka nake so, da idonka, da mitarka."

Wofa ya dubi kujerar, ya dubi ranar da ta fara leƙowa ta kan katanga. "Wannan ba jiya aka sassaƙa ta ba. Kin san da hannun kafin ki zo."

"Ranar Asabar na gani. Da koko."

"Kika bar ni na yi ta zuba?"

"Ai ka daɗe kana riƙe da ita, Wofa. Ba zan ƙwace maka ita a baki ba."

Ya shafa itacen da hannun mai rawa, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. "Gajeriya ce," ya ce. "So kike ki ƙarasa mini gwiwa?"

"Wannan ta gida ce. Mai tsawon tana jiran ka kusa da taga, inda rediyonka ke zama a da."

Daidai nan waya ta yi ruri. Konadu ta zabura ta kai hannu jaka kafin ta tuna. Daga cikin zanen Wofa ƙarar ke fitowa. Ya zaro ta, ya nisanta ta da ido ya karanta sunan, ya bar ta tana kuka a tafinsa. Konadu ta zuba masa ido. Ta yi duk abin da za ta iya, saura nasa.

"Fosuwa," ya kira, ya miƙa wa matarsa wayar ta kan kafaɗa. "Karɓi. Mutumin Tafo ne. Ki ce masa na gode, amma an riga shi sammako. In ya ce sai ya ji daga bakina, ki ce ni ma na yi kakaki."

Anti Fosuwa ta karɓa tana dariya ta shige kicin. Wofa ya tashi daga kujerarsa, ya gyara zane, ya sauka a kan sabuwar da nishi da ƙarar gwiwa. Ya zauna daram.

"Tashi daga ƙasa, Yaa, kin ɓata zaninki," ya ce. "Kuma tunda yau kina da kunne, fulawar nan da kika koma saye, wa ya ce miki fulawa ce? Alli ne. Tun watan jiya nake haɗiye maganar nan har ta kusa kashe ni."

Konadu ta koma kujerarta, ta gyara zama, ta ce ya ci gaba, tana ji.